Ƙaryar da Kawu Ya Yi wa Kansa

Ranar Talata bayan azahar aka kai Kawu makwancinsa. Kafin la'asar zauren gidanmu na Ƙofar Durbi ya cika, har aka aro tabarmin maƙwabta aka shimfiɗa a gindin katanga. Ni ina cikin gida wajen mata, amma soro ɗaya ne da labule tsakaninmu da zaure, saboda haka duk abin da ake faɗa a waje yana isowa kunnena. "Ya aka ji da haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙan Malam Mai Awo." Da wannan sunan unguwa ta san shi, don ya yi shekara talatin da wani abu a ɗakin gwaje-gwajen asibitin gwamnati yana awon jini da fitsari da kaki.

Wani tsoho ya taso tun daga Batagarawa a kan keke. Ya ƙi zama, ya tsaya a bakin zaure ya ɗage wandonsa har gwiwa yana nuna wa mutane tabon da ke ƙwaurinsa. "Ƙafar ga da kuke gani, har an sa ranar yanke ta," in ji shi, "Malam ya ce a dakata mashi kwana biyu." A cikin gida kuma Madam ce ta fi kowa kuka. Ita ce abokiyar aikinsa, Kirista 'yar Filato, wadda ta gaji kujerarsa da ya yi ritaya. Ta aro gyale ta yafa, ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, tana rusa kuka. Tsofaffi na ce mata, "Yi shiru, Madam, addu'a shike so." Sai ta haɗiye, can kuma ta sake ɓarkewa.

Da a nan aka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ina zuba wa baƙi ruwa sai na ji wata murya daga soro, ƙasa-ƙasa, da 'yar dariya a cikinta: "Allah sarki, ɗan Adam. Shi da ya hana mu kafso shekara da shekaru, ashe da ciwo ya matsa, shi ma ya aika an sayo mashi a ɓoye." Wani ya amsa, "Ai faɗa da baki ba wuya." Kafin magariba maganar ta zaga unguwa. Ba da mugunta ake yin ta ba, na sani, amma ta ƙona mini rai. Matan da ya sha fama da su kafin su daina ɗura wa 'ya'yansu maganin kyamis ba tare da awo ba, su ne na ji suna cewa, to, ai ga shi nan, shi ma ya sha.

Maganar ƙarya ce. Wanda ya yi ta kuwa Kawu ne da bakinsa, ina wurin, kuma ni ma na gaskata ta har ya bar duniya. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ina shekara biyar ta rasu, shi da Inna suka ɗauke ni suka haɗa da 'ya'yansu maza, ba su taɓa bari na ji bambanci ba, sai dai ma 'yan mazan su yi ƙorafin an fi so na. Mutum ne siriri mai saurin tafiya, mai wanke hannu har abin ya zama abin tsokana a gida. Kafin ya ci goro sai ya wanke hannu, bayan ya ci ma sai ya wanke. Inna kan ce da sabulu na da baki, da ya kai ƙararsa wurin mai unguwa.

Aikinsa yake kira noma. In aka kawo masa jini ko mugunyar ciwo, sai ya shafa a kan wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ya rufe, ya sa a akwatin ɗumi. Wannan ita ce shuka. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga ɗigo-ɗigo sun tsiro a kan farantin, wasu farare, wasu ruwan ƙwai, wasu da kore-kore. Daga nan yake gane wace ƙwaya ce, da wane magani ne zai kashe ta, da wanda za ta sha kamar ruwa. Dokarsa guda ce, kuma duk wanda ya san shi ya haddace ta: a ɗebi abin awo tukuna, sannan a haɗiyi magani. Bai taɓa cewa a bar marar lafiya kwance ba magani har sakamako ya fito ba. Cewa yake a ba mai awo ko da minti biyar ne kafin ƙwayar magani ta farko ta shiga ciki, don da zarar magani ya shiga jini, ƙwayar cutar takan lafe, ta ƙi tsirowa a faranti, alhali tana nan tana ɓarna a jiki.

A kan wannan dokar ya ɓata da mai kyamis na bakin layinmu har tsawon shekaru. In ya dawo daga masallaci ya tarar ana ƙirga wa wata mata kafso biyu a takarda, sai ya ja ya tsaya. "Biyu? Malam, ai ba magani ka ba ta ba, dambe kake koya wa cutar. Gobe in ta dawo, ko goma ka ba ta sai ta kada kai." Mai kyamis ya ce a bar shi ya nemi abincinsa, Kawu ya ce a nema, amma ba da cikin 'ya'yan mutane ba. Duk da haka, da matar mai kyamis ɗin ta kwanta da ciwon mara bayan haihuwa, Kawu ne ya je da kansa ya karɓi abin awo, ya kuma koma asibiti ranar Lahadi, ba ranar aikinsa ba, don ya duba farantinta. Ta tashi. Faɗan nasu bai ƙare ba, amma daga ranar sai da gaisuwa ake fara shi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, asibiti ya cika da sababbin manya masu jiniya. Wani sabon ɗan majalisa ya kawo mahaifinsa, ya shigo ɗakin awo da mutanensa, babbar riga na jan ƙasa, ya ce yana son sakamako kafin la'asar. Madam ce ta ba ni labarin, don a gabanta aka yi. Ta ce Kawu ya cire tabarau ya goge, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiyar zaɓe, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwayar cuta ba ta san an yi zaɓe ba. Kwana biyu take yi lokacin soja, kwana biyu za ta yi yanzu." Mutumin ya fita yana huci. Aka yi ta raɗe-raɗin za a mai da Kawu wani ƙauye, har Inna ta fara ɗaure kaya, amma mahaifin ya warke da maganin da farantin ya nuna, maganar ta bi ruwa.

A shekarar nan na shiga jami'a, kuma shi ya tura ni fannin ƙwayoyin cuta. Ban yi gardama ba, don tun ina ƙarama nake leƙa madubinsa. Karatu ya ja ni har na kai ga abin da ban taɓa jin sunansa a gida ba, wato nazarin furotin na ƙwayoyin cuta. Kowace ƙwaya da irin furotin ɗin da aka gina ta da su, kuma na wata ba ya zama daidai da na wata, kamar zanen yatsa. A jami'ar da nake aiki, nisan wuni guda a mota daga Katsina, muna da na'urar da ake ɗiga wa ɗan abin da ya tsiro a faranti, ta auna nauyin furotin ɗinsa, cikin 'yan mintoci ta faɗi sunan ƙwayar. Aikin da Kawu kan ƙara kwana guda ko fiye yana yi bayan tsiro, ita kafin shayi ya huce ta gama. Ni kuma bincikena a kan furotin ɗin da ƙwayoyin ke karya magani da su ne.

Da na zo hutu na ba shi labari, lokacin ya riga ya yi ritaya, sai ya kalle ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, ƙarfe ne za shi gane abin da nike ganewa da ido da hanci?" Bai yarda ba, kuma bai ƙaryata ba. Ya sa Madam ta shuka farantai da yawa, ya duba su da kansa, ya rubuta sunan kowace ƙwaya a takarda ya liƙe a ambulan, ya ba Inna ajiya don kada a ce an yi maguɗi. Ni kuma na tafi da samfurin. Da na dawo muka buɗe ambulan a tsakar gida, Inna ce alƙali, ko da yake ba ta iya karanta ko ɗaya daga sunayen ba. Duk suka zo daidai sai guda ɗaya. Kawu ya tashi ya sa hula, ya tafi asibiti, ya sa aka maimaita awon sau biyu. Kwana uku bayan nan ya kira ni a waya.

"Na'urarki ta yi gaskiya, ni na yi kuskure," in ji shi. "Ki gaishe mani da ita." Sannan ya ƙara, "Amma ko ita sai an shuka mata take girbi, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Ban taɓa ganin tsohon da aka kayar ya yi murna irin tasa ba. Wata guda yana tare mutane a bakin masallaci yana ba su labarin na'urar da ta gyara masa kuskure, kamar shi ya ƙera ta.

Ciwon suga ya daɗe tare da shi. Bara da damina ya taka ƙaya a gonarsa ta Batagarawa, bai ji ba, don ƙafar ta fara mutuwa. Ciwon ya ƙi warkewa, yau ya rufe gobe ya buɗe, har watannin baya ya fara ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Ya kira ni ya ce in taho, yana so a ɗebi abin awo a gabana, Madam ta shuka, ni kuma in kai wa na'urata. Ina tsakiyar jarrabawar ɗalibai, sai na ce ya ba ni kwana uku, amma ya tafi asibiti tun yanzu. Ya ce zazzaɓin bai kai nan ba, zai jira ni. Wannan kwana ukun nawa ne, ba na kowa ba, kuma da shi nake kwana nake tashi.

Duk wanda ya taɓa jinya a garinmu ya san dubiya. Kowa ya shigo da sannu a baki da magani a aljihu. Wannan ya ce garin magani kaza, wancan ya ce kafso ja da baƙi, wai wani surukinsa da shi ya tashi. Kawu kan yi godiya, ya sa a ajiye a kan taga. Da na iso muka kai shi asibiti, aka ɗebi jini da ruwan ciwon, sannan likita ya fara masa allura. Komai ya tafi bisa dokarsa, har yana yi wa ma'aikatan jinya gyara daga kwance.

Bayan kwana biyu, da la'asar, lokacin da ake barin 'yan dubiya su shigo, Madam ta zo. Ɗakin a cike yake. Ga 'yan mazan gidanmu, ga Inna a bakin gado da kwanon kunu, ga Hajiya Babba, yayar Kawu, wadda in ta yi magana ba mai tankawa a dangi, kuma wadda tun da can ba ta raga wa Inna. Madam ta tsaya a ƙofa da takarda a hannu.

"Oga," ta ce, "babu abin da ya tsiro. Faranti duka fari."

Kawu ya ce ta sake faɗa. Ta sake.

"Oga, ciwo irin wannan ba zai ƙi tsiro haka kawai ba. Ka sha wani abu kafin mu ɗiba?"

Hajiya Babba ba ta jira ya amsa ba. "Sha? Wanga da ko ƙwayar ciwon kai sai ya karanta takarda? In dai wani abu ya shiga cikinshi, ba shi aka yi. Wa ke riƙe da abincinshi?" Ta juya ta zuba wa Inna ido, 'yan mazan ma suka juya. Na tuna ludayin da ke hannun Inna ya faɗa cikin kwano, kunu ya fantsalo mata a zane. A lokacin ban ɗauke shi komai ba.

"Ni na sha," in ji Kawu. "Ciwo ya gallabe ni, na aika aka sayo mani kafso, kwana uku ina sha. Ba ruwan kowa."

Wani daga cikin 'yan dubiya ya yi 'yar dariya ya mai da ita tari. Madam ta sunkuyar da kai ta fita. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na jira mutane suka ragu, sannan na tsaya a kansa na faɗa masa abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba. Na ce shekara talatin yana kunyata mutane a bakin kyamis, ashe shi ma bai fi su ba. Na ce na baro aikina na taho, na'ura na can tana jira, ya mai da mu duka 'yan wasa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan silin.

"Ɗan Adam ne ni, ɗiyata," ya ce. "Je ki sha ruwa."

Likitoci suka ci gaba da magani bisa zato, tunda ba sunan ƙwaya. Zazzaɓin bai sauka ba. Madam ta sake ɗiba, ta sake shukawa, sai a karo na uku abu ya tsiro. Na ɗauka na kama hanya da asuba, na isa da yamma, na ɗiga wa na'ura. Ko takalmi ban gama cirewa ba ta ba ni suna. Na kira waya aka kara masa a kunne, na faɗa masa. Ya ce, "Ita na zata. Mai taurin kai ce. Minti nawa?" Na faɗa. Ya ce, "Masha Allahu. Da a zamaninmu muka same ta, da mutane da yawa suna nan." Aka canja magani a ranar, amma cutar ta riga ta shiga jini. Ina hanyar dawowa ya cika. Ban ba shi haƙuri ba, don har lokacin ina ganin ni ce mai gaskiya.

Ranar addu'ar uku, bayan maza sun shafa fatiha a waje, mata suka cika ɗakin Inna. Tana zaune a kusurwa cikin takaba, tun ranar rasuwar ba wanda ya ji maganarta sai amin. Wata maƙwabciya, da niyyar ta sassauta zaman, ta sake ɗauko zancen: "Ai Malam ya nuna mana ciwo ba ya jin wa'azi." Wasu suka yi murmushi.

"Bai sha ba," in ji Inna.

Mata suka juyo gare ta, ta ci gaba.

"Bai aika ba, bai saya ba, bai sha da saninshi ba. Ni ce. Ina kallo shina rawar ɗari, ya ce sai ɗiyarshi ta zo. Na ɗauki kafson da aka aje a taga, na ɓare, na zuba mashi a kunun tsamiya, safe da yamma, kwana uku. Ya ce kunun da ɗaci, na ce zazzaɓi ne ya ɓata mashi baki." Ta juyo gare ni. "Ke kin san aikin. Ki faɗa mani tsakaninki da Allah, ni na kashe shi?"

Na so in ce a'a da sauri, don in ɗauke mata. Amma ba ta tambaye ni don a lallashe ta ba. Na ce, "Inna, ban sani ba. Maganin ya ja mana jinkiri, haka ne. Nawa jinkirin ma ya riga naki. Da an sani da wuri, wataƙila ya tashi, wataƙila kuma bai tashi ba. Babu na'urar da za ta iya faɗa."

Ta gyaɗa kai. Hajiya Babba ce ta yi magana, kuma ban taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba. "To mi ya sa kika faɗa yanzu? Ai ya rufa maki asiri."

"Ya rufa," in ji Inna. "Da kuka watse ran nan ya kama hannuna, ya ce ya yafe, ya ce ko bayan ranshi kada in buɗe baki. Amma ina ji ana yi mashi dariya a ƙofar gidanshi, gobe kuma a ɗura wa yaran mutane magani a ce ai shi ma ya sha. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, sau biyu na saɓa mashi. Ranar da na zuba, da yau."

Hajiya Babba ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, don gwiwoyinta ba su da lafiya. Na zaci fita za ta yi. Sai ta taka tsakanin ƙafafun mata har kusurwa, ta zauna a tabarmar Inna, ta gyara mata mayafin da ya zame.

Inna ce ta ce in rubuta, kuma in rubuta duka, har da nata, har da nawa. Na rubuta. Ya Allah, Kawu ya ɗauki laifin da ba nasa ba don ya rufa wa baiwarka asiri, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Inna haƙuri, ka kuma isar masa da ban haƙurin da ban samu na yi ba.